Ɗigon da Ba Malam Ne Ya Sa Ba

Ba zan taɓa mantawa da ranar rabon kyaututtuka ta makarantarmu ba, kuma ko na so in manta, mutanen garinmu ba za su bar ni ba. Lokacin ina aji biyar a wata sakandare da ke kan hanyar Gezawa, ina busa ƙaho cikin 'yan badujalar makaranta.

Mai koya mana, Malam Garba, tsohon soja ne. Shi ya nuna mana alamomin da ke jikin takardar kiɗa. In ka ga ɗigo a saman sauti, ka datse shi da harshe, ta-ta-ta. In ka ga dogon baka ya lulluɓe sautuka, ka ja su da numfashi ɗaya. In kuwa baka ne da ɗigo a cikinsa kamar ido, ka riƙe sautin har Malam ya sauke hannu. Sauran yara da kunne suke bi, ni kuwa sai in ɗaga hanci in ce, “Ni takarda nake karantawa.” (Allah Ya yafe mini, har kwalar riga nake tayarwa in zan faɗa.)

Baba dai bai taɓa son abin ba. Bazara ce, kowa na kai taki gona, ni kuma kullum da yamma ina wajen gwaji. Da na dame shi da magiya, sai ya ce, “To, zan zo in ji da kunnena. In abin kirki ne ka ci gaba. In kuwa bushe-bushen banza ne, ga jaki ga mangala suna jiranka.”

Ran bikin da safe, Habu, wanda shi ke busa taken bankwana shi kaɗai, ya hau mangwaro rina ta harbe shi a leɓe. Bakin nan ya kumbura suntum. Malam ya dube ni ya ce, “Kai mai karatu, ga ranarka.” Habu ya zaro takardarsa daga aljihu, duk ta yi danƙo da ruwan mangwaro, ya miƙo mini. Ni fa murna nake, ko sannu ban yi masa ba.

Taken nan na san shi. A hankali ake jan sa, har iyaye mata su riƙa share ƙwalla da bakin mayafi. Amma da na buɗe takarda, sai na ga ɗigo birjik a saman kusan kowane sauti. Na ce a raina, ashe Malam ya sake salo, ya san ni kaɗai zan gane.

Fili ya yi tsit. Ga babban baƙo daga Kano, ga dagaci, ga Baba can a gefe ya harɗe hannu. Na ɗaga ƙaho na fara: ket-ket-ket-ket, sak zabuwar da aka kora daga kan ƙwai. Na hango Malam ya zaro ido, na ɗauka mamakin gwanintata yake, na ƙara datsewa.

Can wajen ƙarshe na ci karo da baka, ga ɗigo a cikinsa. Na riƙe sautin. Malam ya ɗaga hannu sama yana kaɗa mini, wai in daina. Ni kuma na ga hannu bai sauka ba, na ci gaba da riƙewa. Jijiyar wuyana ta tashi, idona ya fara ganin duhu. Da iskar ta ƙare, ƙahon ya saki wata irin ƙara (ba zan siffanta ta ba, wataƙila surukina zai karanta wannan). Kafin kowa ya motsa, wani jaki da aka ɗaure a bayan azuzuwa ya amsa mini da iya ƙarfinsa.

Fili ya ɓarke da dariya. Babban baƙo ya rufe fuska da hannun babbar riga, kafaɗunsa na rawa. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Malam ya tako, ya karɓi takardar, ya kai ta kusa da ido. Ya sa farce ya kankare ɗigon nan na cikin baka, ɗigo ya fita. Ya kankare na gaba, shi ma ya fita.

“Mai karatu,” ya ce, “wannan ba ni na sa ba. Kashin ƙuda ka busa mana.”

Muka kama hanyar gida ni da Baba, har muka kai ƙofar zaure. Nan ya juyo ya ce, “Na ji jakin ya amsa maka. Tunda kuna jin maganar juna, gobe da safe sai ku fara kai takin.”

Haka na ƙare bazarar nan a bayan jaki, yara na bina da ket-ket-ket. Har yau kuma, duk takardar da aka miƙo mini, komai girman wanda ya rubuta ta, sai na fara sa mata farce tukuna.