Zakin Dawa da Jan Fo

Duk danginmu babu jarumi kamar ɗan kawuna, Zakin Dawa. Gaskiya bai taɓa shiga dawa ba, aikinsa buga hatimi a ofis ƙarƙashin fanka. Amma ya kalli bidiyon daji a waya har idonsa ya kaɗa, kuma a wurin manya gani ma zuwa ne.

Ran nan ya yi shelar zai kai 'yarsa mai shekara huɗu kwanan daji. Matarsa ta ce ba zai iya da yarinyar shi kaɗai ba. Ya bugi ƙirji.

"In kika gan mu kafin gari ya waye, ki canza min suna!"

Ni aka ɗauka mai hoto, saboda tarihi.

Ya loda mota da tanti, tociloli, wuƙa mai tsawon takobi, da hular soja da ta haɗiye masa kunne. Abu ɗaya ya cire ya ajiye a ƙofa: jan fo ɗin yarinya, wanda uwar ta cusa cikin kaya.

"'Yar zaki ba ta hawa roba!" in ji shi.

Muka isa ƙungurmin dajin, inda ake jiyo hon ɗin motoci. Ya kafa tanti, tanti ya kife, ya ce gwaji ne. Yana tsakiyar laccar yadda ake zare wa kura ido, yarinya ta ja masa wando.

"Baba, kashi."

"Ga daji nan, duk naki ne."

"Ni fo nake so."

Ya lallasa, ya yi tsawa, ta matse ƙafafu ta ɓare baki. Sai gogan ya ce koyarwa sai da misali. Ya zaɓi wani tudu mai laushi, ya sassauta wando, ya tsuguna.

"Duba, haka magabata suke..."

Ashe gidan cinnaku ne, su kuwa ba su san na gida ba, balle zaki. Ihun da ya kurma sai da ya kori tsuntsayen gari uku. Tunda nake ban taɓa ganin zaki na tsallen kwaɗo da wando a gwiwa ba.

Ni na tuƙo mu gida, saboda Zaki ya kasa zama. Rana ba ta ko faɗi ba.

Yarinya ta ruga ta ɗare fonta. Uwar ta riƙe ƙugu.

"Sannu da kwanan daji. Wane suna za mu sa maka?"

Daga kan fo yarinya ta ɗaga murya:

"Mama, daji da daɗi! Amma a saya wa Baba fo, shi ma bai iya ba."