Rasuwar 'Yar Saƙo, Mai Gadin Sitonmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da gaban da bai daina faɗuwa ba tun ranar Lahadi, ni Kaltum, 'yar Malam Kallamu, nake sanar da 'yan uwa da maƙwabta na nan ƙasar Tsanyawa rasuwar 'Yar Saƙo, na'urar da take aiko mana da saƙo ta waya duk sa'ad da aka taɓa ƙofar sitonmu na bakin gona. Ta rasu tana da shekara ɗaya da wata huɗu, a bakin aikinta.

Marigayiyar da gardama ta fara rayuwa. Ranar da na kawo ta daga Kano, Baffa Fatihu, yayan mahaifina kuma babban gidanmu, ya ba da umarni a sa ta cikin akwatin ƙarfe, a kulle, a tura ƙuryar sito. Na durƙusa na ce, "Baffa, a gafarce ni, ba zan sa ta nan ba." Ƙarfe haɗiye sabis yake yi. Jiniyarta za ta yi ta kuka a bakin gona babu wayar da za ta ji labari, ga shi daga sito zuwa gida tafiyar rabin awa ce. Shekara biyu na yi ina karatun lantarki, wannan kam na sani.

Ba don ado na kawo ta ba. Shekarar da ta gabaci zuwanta, ranar kasuwa, da tsakar rana, lokacin da gari ya watse, ɓarayi suka iske mahaifina shi kaɗai yana gadi. Suka kwashe gyaɗa, suka karya masa hannu. Har yau hannun ba ya ɗaga buta.

Yini guda na yi ina zagaya sito da waya a sama kamar mai duban wata. Kudu babu sabis. Yamma sandar sabis ɗaya ce a fuskar waya, ta zo ta tafi. Sai a bangon gabas, can sama dab da kwano, na sami sanda uku tsayayyu. Baffa ya dubi tsani, ya dube ni, ya ce, "'Yar boko, ko kaza ta san daga gabas hadari yake tasowa. Wa kika taɓa gani ya rataye abin arziki a bangon gabas?" Ban musa ba. Na hau, na yi mata 'yar rumfa da guntun kwano, na toshe ramin waya da gam, na miƙar da eriyarta sama.

Ta kasance mai haƙuri, marar surutu. Idan aka kulle ƙofa sai ta ce "tit, tit," shi ke nan, sai koriyar fitilarta ta ci gaba da ƙiftawa. Ba ta taɓa neman komai ba sai hasken rana da ɗan kati. Sau biyu ta tayar mana da hankali a kan akuyar maƙwabciyarmu Hure, mun kuma yafe mata. Amma wata ranar kasuwa bayan kaka, ina tsakiyar tankaɗe, wayata ta yi ƙara: an buɗe sito. Kafin a ce me, Yahya shugaban 'yan sintiri da mutanensa sun isa a kan babura. Suka sami kwaɗo a yanke, buhu biyu a yashe a bakin ƙofa. A lokacin mahaifina yana zaune lafiya a kasuwa yana taya tunkiya.

Ajalinta ya zo ta inda Baffa ya faɗa. Iskar ranar Lahadi ta fizge 'yar rumfar, ruwa ya yi ta dukan ta a kwance. Da na je, fitilarta ta koma ja. Na busar da ita, na canza batir, na canza layi. Ta ce "tiii" sau ɗaya, a hankali, ba ta ƙara ba. Mai gyara a Kano ya ga hoton cikinta ya ce in haƙura.

Ta rasu ta bar jiniya ɗaya mai kuka ba mai ji, da batir, da faifan sola, da wayoyi uku da suka zama marayu, da irin gyaɗa da wake na gidaje huɗu.

Ba na tsoron wannan sanarwa ta kai kunnen da bai kamata ba, domin Baffa ya riga ya ba da labari a majalisa. Shekaranjiya na ga sawun babur a bayan sito, inda ba hanya. Ya tsaya daidai ƙarƙashin bangon gabas, ya juya. Tun daga nan, ko murfin tukunya ne ya faɗi sai na zabura.

Jiya Baffa ya kira ni ya ce zai kawo sabuwa gobe-goben nan, da sharaɗin a akwati za ta zauna. Na sake durƙusawa na ce a'a. Gara babu ita kowa ya san babu, da a ce tana can a kulle bebiya, mu kuma muna gida muna zaton shirunta lafiya ce. Ya ce to, in riƙe bokona.

Za a sauko da gawar ranar Alhamis bayan la'asar, ni da kaina zan hau. Babu wanka, ruwa ya ishe ta. Za a naɗe ta a ledar da ta zo a ciki, a ajiye a ƙasan akwatin kayana. Masu ta'aziyya kada su zo ranar kasuwa, ba za su same mu a gida ba. Baffa ya karɓe mabuɗin sito daga hannuna, ya daina amsa gaisuwata. Mahaifina ya koma gadi da hannu ɗaya da gora, ni kuma zan zauna kusa da shi. Taurin kaina ne ya mayar da shi bakin ƙofar nan, kuma duk abin da ya same shi a can, a wuyana yake.