Agogon Gidan Alƙali

Wani ne a cikin birnin Zazzau ya gaji agogon bango na katako daga mahaifinsa, tsohon alƙali. Agogon na tafiya, yana ƙas-ƙas a zaure, amma tsatsa ta cinye hannayensa. Duk baƙon da ya shigo sai mutumin ya nuna masa, ya ce, "Na marigayi ne. Shi da agogon nan, ba wanda ya taɓa kama su da ƙarya."

Da azumi ya matso, ya rungumi agogon ya kai wa Aƙilu mai gyara a Tudun Wada. Aƙilu ya tono wasu hannaye na tagulla daga cikin gwangwani, dogo da gajere.

Mutumin ya ɓata rai. "Wannan fa? Me ya yi aka rage masa tsawo?"

"Malam, haka ake yin su. Gajeren na awa ne, dogon na minti."

"Wato mai babban aiki shi aka tauye? Ba a gidanmu ba. Gidan alƙali ne. Daidaita su."

"In na daidaita, ta yaya za ka bambance su?"

"Aƙilu, kai tagulla ka sani. Shari'a tamu ce."

Aƙilu ya sa almakashi ya datse dogon.

Azumin shekarar a damina ya faɗo. Ran nan mutumin ya koma barci bayan asuba. Ya farka, hadari ya rufe gari baƙi ƙirin. Ya dubi bango: hannu ɗaya a kan bakwai, ɗaya ya ɗan gota goma. In an bi wannan, hantsi ne. In an bi wancan, magariba ta yi. Ya shafa gemu, ya shafa ciki. Sai ya janyo dabino da ragowar tuwon sahur.

Yana tsakiyar loma hadarin ya washe, rana ta leƙo zaure. Sai ga Malam Jalo, maƙwabcinsa, ya yi sallama ya tsaya turus.

"Subhanallahi! Ɗan alƙali, da hantsi?"

Mutumin ya haɗiye, ya nuna bango da hannun miya.

"Malam, shaidu biyu ne suka saɓa, kuma ba wanda ya fi wani. Sai na yi yadda marigayi ke yi a kotu. Na gaskata wanda ya zo da abinci."