Ranar da na yi wa kifin Kanar rini

Na ga yunwa, na ga rikici, duk na shanye. Amma ba zan taɓa mantawa da ranar da na ba kifi manja ba.

Rini ne aikina a masaƙa a Kakuri, har aka sallame mu. Shekarar da soja suka koma bariki na samu aiki gidan wani Kanar mai ritaya a Barnawa, wanda ya tuɓe kaki ya shiga siyasa. Aikin da ɗaki a bayan gida. In na rasa shi, ni da iyalina sai titi.

A falonsa akwai akwatin gilashi da kunamar ruwa guda biyu, kifin nan mai faɗi kamar faifai da wutsiya mai ƙaya. Daga waje aka kawo su. Ɗaya mai ɗigon ruwan ɗorawa, ɗaya baƙa mai farin ɗigo. Ni ke ba su abinci.

Na lura tun da na ƙara musu jatan lande, ɗigon ta farko ya ƙara haske. Kanar ya yaba. Kaina ya kumbura. Na ce saura baƙar, ita ma zan mayar da ɗigonta zinariya da manja. Mama Doose, mai girkin gidan, 'yar Binuwai, ta ce kada in sa, in bar halittar Allah yadda take. Na ce mata ta tsaya kan tukunyarta, launi sana'ata ce. (Har na bugi ƙirji, don Allah ku ji.)

Ranar da 'yan jam'iyya za su zo, na jiƙa jatan lande da manja sosai, na zuba. Man ya taso ya rufe ruwan, ja wur. Injin da ke hura wa ruwan iska ya kama tari. Kifayen suka lafe a ƙasa. Daidai lokacin Kanar ya shigo da baƙinsa, yana cewa su zo su ga abin da babu irinsa a Kaduna.

Wani Alhaji ya leƙa ya ce, “Kanar, miyar ta nuna? A kawo sakwara.”

Kanar bai yi dariya ba. Ya ba da oda, manya da babbar riga suka naɗe hannu suna ɗaukar bokiti. Da aka sauya ruwa, kifayen suka motsa, sai ya tambaye ni dalili. Na faɗa.

“Malam,” in ji shi, “abinci yana ƙara wa launi haske ne, ba ya sauya shi. Farin nan a wurin iyayenta ta gada. Kuma saboda farin na saye ta.”

Bai kore ni ba. Ya mayar da ni gadi a ƙofa, nesa da ruwa. Ɗakina ya tsira, sunana ne bai tsira ba: har yau Baba Manja nake a unguwar.

Abin da na koya kaɗan ne. Kifi ba atamfa ba ne. Kuma in mai girki ta ce kada ka sa manja, to kada ka sa.