Sunan da Na Tsinta a Gafakar Baba

Ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan ɗana na fari ba, ko da kuwa na so in manta. Tun ina firamare a Ikara abu ɗaya ke ci mini tuwo a ƙwarya: mu biyar ne masu suna ɗaya a aji, in malam ya kira sai duk mu miƙe. Na ɗau alkawari ɗana ba zai ga wannan wulaƙanci ba. Sunan da zan sa masa, daga Makarfi har Kudan sai dai a ji shi a wurinmu.

Da matata ta haihu, aka ce a gidanmu na gado, a garin Malikanchi, za a yi suna. Ina neman takardar gona a ɗakin marigayi Baba sai na ci karo da gafakarsa. A ciki akwai wata 'yar takarda da ta yi ja don tsufa, da rubutun hannunsa, kalma ɗaya tal: Julaibibu. Kai, daɗi kashe ni! Ban taɓa jin mai wannan suna ba. Kwana uku ina bitarsa a kan babur don harshena ya saba (har wani ɗan acaba ya tambaye ni ko lafiya).

A gidanmu ba a raɗa suna sai an kai wa tsofaffi sun ji tukuna. Ni kuwa, ɗan boko mai son burgewa, na ɓoye abina. Sau biyu Inna, mahaifiyata, tana tambaya, ina ce mata ta bari ta sha mamaki.

Ranar suna ƙofar gida ta cika, aka raba goro da dabino. Na raɗa wa liman a kunne. Tsohon ya ja baya kamar na ɗiga masa ruwan sanyi.

"Innarka ta sani?"

"Ta sani, Malam," na ce, ƙarya tsagwaronta. Ya daɗe yana kallona, sannan ya yi addu'a, aka yanka rago.

Sanƙiran da zai shelanta sunan baƙo ne daga Saulawa. Ya ɗaga murya, sunan ya maƙale masa: "Jula... Julbi..." Raina ya ɓaci. Na miƙe da babbar rigata na ce, "Haba malam, saurara ka ji!" Na fuskanci zaure yadda mata za su jiyo, na rangaɗa shi sau uku, gaɓa-gaɓa.

Ba wanda ya ce Allah ya raya. Guɗar da aka fara a cikin gida ta yanke a tsakiya. Dattawa suka sunkuyar da kai, wani ya ajiye goronsa a kan tabarma. Wurin ya yi tsit, har ina jin ƙudaje a kan jinin ragon.

Baffa, ƙanin Baba, ya ja hannuna zuwa tsakar gida, ya tsayar da ni gaban wani dandamalin siminti da na girma ina cin tuwo a kansa.

"Da can rijiya ce a nan," ya ce. "Wanka, mai wannan suna, yana shekara huɗu ya faɗa ciki. Yana raye uwarka ba ta kiran sunansa, don ɗan fari ne. Da ya rasu kuma ba wanda ya ƙara faɗin sunan a gidan nan. Sai yau, sai kai."

Na san Inna ta taɓa rasa ɗa kafin ni, amma ban taɓa tambayar sunansa ba. Kunya da tsoro suka rufe ni lokaci guda.

Sai ga Inna ta fito da jaririn a hannu. Ko kallona ba ta yi ba. Ta yaye zane, ta lanƙwasa kunnensa na hagu, ta daɗe tana duba bayansa. Abin da take nema ban sani ba, abin da ta gani kuma har yau ban iya tambaya ba. Na durƙusa na ce, "Inna, ki yafe ni, a canza."

"An yanka rago," ta ce a hankali. "Ku dai riƙa ce masa Yaya."

Yanzu shekararsa uku. Kowa Yaya yake ce masa, har ni ubansa (in na kira shi a kasuwa, manya ke waiwayowa). In mun je Malikanchi, duk guje-gujensa ba ya taka dandamalin nan, sai dai ya kewaye, alhali ba wanda ya taɓa hana shi.

Na nemi sunan da babu mai shi, na samo wanda babu mai iya faɗa. Da aka samu cikin ƙaninsa, tun yana wata bakwai na kai wa Inna zaɓi. Ta zaɓi irin wanda mutum biyar ke amsawa a aji, ni kuwa na karɓa hannu bibbiyu.