Alwalar da Na Yi a Gidan Bautar Japanawa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da hannuwana suka ci amanata a Tokyo ba, ko da zan yi shekara ɗari a duniya.

Lokacin ina shekarar ƙarshe ta digirin digirgir a Manchester, ni da matata Rabi muna zaune a wani ɗan gidan haya a unguwar Moss Side. Shekarun tsuke bakin aljihu ne, duk wanda ya gama karatu a sashenmu sai a yi masa murmushi a ce ya kama gabansa. Sai abokin aikina Kenji, Bajapane, ya ce tsohon farfesansa yana neman mai bincike na shekara guda, in biyo shi taro a Tokyo mu gaisa. "Amma ka sani," in ji shi, "ba takarda yake dubawa ba, mutum yake dubawa. Kuma duk baƙon da ya yi sai ya kai shi gidan bautar Shinto, addininmu na gargajiya."

Kafin tafiya muka hau mota zuwa Birmingham, wurin Kawu Sani, kawun Rabi, a unguwar Lozells. Na faɗa masa inda za a kai ni. Ya ce, "Ka je ka buɗe ido, ai ilimi ne. Amma kada ka rusuna, kada ka tafa, kada ka jefa musu ko kwabo."

Na ce, "Haba Kawu, ni fa? Ni da nake jan sallah a jami'a?" (Wannan cika bakin ne ya ja mini.)

Ranar ziyarar a Tokyo na sa kwat ɗina guda ɗaya tilo. Ni da Farfesa da Kenji muka shiga ta wata ƙatuwar ƙofar katako, ba bango ba ƙyaure, muna taka tsakuwa cikin inuwar bishiyoyi. Farfesa, ɗan tsoho mai magana a hankali, yana ba ni tarihi: wai gidan sarautarsu ɗaya ne tun fil azal, a wurinsu daga allahiyar rana ya samo asali; wai an yi ɗaruruwan shekaru sarki yana zaune a fada, mayaƙa ne ke riƙe da ƙasa, sai a zamanin sarkin da aka gina wa wannan wuri mulki ya dawo hannun gidan. Ina ta gyaɗa kai, amma wallahi rabin hankalina yana kan yadda zan sako zancen aiki.

Muka iso wata rumfa mai kwamin dutse, ruwa na zuba, ga ludayoyin gora a jere. Farfesa ya ɗebi ludayi ɗaya, ya wanke hagu, ya wanke dama, ya ɗan taɓa ruwa a baki, ya ajiye. Shi ke nan. Na ce a raina wanke hannu ai ba ya cikin abin da Kawu ya hana.

Na ɗebi ruwa. Na wanke hannu, na kurkure baki, ina ta tsara jawabina a zuci. To, ku da kuka sani kun sani: hannun da ya shekara talatin yana alwala ba ya tsayawa a baki. Na shaƙa ruwa na fyace. Na wanke fuska sau uku. Na naɗe hannun kwat har gwiwar hannu. Na shafi kai, na shafi kunne. Ban farga ba sai da na ji sanyi a ƙafata ta dama, na duba na gan ni tsaye da ƙafa ɗaya kamar zakara, safa a aljihu, ludayin mutane a hannu.

Na waiga. Layi ya taru a bayana, tsofaffi da 'yan yawon buɗe ido, kowa ya zuba mini ido. Kenji ya rufe baki yana danne dariya. Wayyo Allah, kunya kamar in nutse! Na ce shi ke nan, aiki ya tafi.

Farfesa ya matso ya ce, "Saura ɗaya ƙafar."

Ya zan yi? Na wanke ta. Sannan na yi masa bayanin alwala. Ya tambaya, "Sau nawa a rana?" Na ce sau biyar. Ya dubi wandona da ya jiƙe sharkaf, ya ce, "Ɗalibaina sai na yi faɗa suke wanke kwalaben gwaji. Yaushe za ka gama karatun?"

Na samu aikin. Amma Kenji, Allah ya shirye shi, ya ɗauki hoto ya tura wa Rabi, ita kuma ba ta tashi nuna shi ba sai a falon Kawu, ana tsakiyar cin tuwo. Kawu ya gyara tabarau ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Mun ce kada ka yi nasu, sai ka kai musu namu. To, ka dai yi niyya?"

Tun daga ranar, duk inda na ga ruwa da ludayi a ƙasar mutane, sai in zuba hannuwana a aljihu, in jira mai gida ya gaya mini inda ake tsayawa.