Sandar Tagogin Sama

"Lafiya lau, angona. Ya gajiya? Ko har yanzu kwamfutar ce matar gida, ni an sake ni?"

Tsohuwa tana shanya a tsakar gida jikanta injiniya ya shigo, idanunsa jajur. Shekara talatin ta yi tana ɗinki a masana'antar tufafi, yanzu kuma shi aka ba aikin lissafa wutar da ginin yake ci. Ginin ba na'urar sanyaya ɗaki, sai fankoki. Sai ya san abin da ginin ya saba ci kafin a gane ko gyara zai rage wani abu. Gobe zai miƙa rahoto, in lissafin bai tsaya ba a ba wani aikin.

"Wa zai sake ki, amarya? Wa zai kwasa? Haƙori huɗu, biyu ma na haya ne."

"Da huɗun nan na tauna maka nama kana zubar da yawu. Me ya kumbura maka fuska?"

Ya zauna a kan bokitinta. "Tsohon gidan wahalarku ne. Na gina shi a kwamfuta, bango, rufi, kekunan ɗinki, komai. Ya dace da shekarun baya. Amma shekara uku da suka wuce wuta ta yi tsalle, ba a ƙara keke ko ɗaya ba. Ban san wanne zan ɗauka ma'auni ba, na da ko na yanzu."

"Ka tambayi kwamfutar mana. Ba ita ta yi karatu ba?"

"Ke me kika sani? Zamaninku da mafici ake lissafi."

"Ginin naka na cikin kwamfuta, wa yake buɗe masa tagogin sama?"

"Ba sa buɗuwa. Na gan su, ko tsani bai kai ba."

"Ji sakarai! Ƙarfe goma nake buɗe su, zafi ya fita ta sama, iska ta shigo ta babbar ƙofa. Ba ma taɓa fanka sai biyu ta wuce."

"Ke? Da wannan tsawon naki na tulu?"

"Da sanda mai ƙugiya."

"Ina sandar?"

Tsohuwa ta shiga matse zanin da ya riga ya bushe. Ya bi ta da kallo har idonsa ya sauka a kan doguwar sandar da ta tokare igiyar shanya, da ƙugiyarta a kai.

"Kaka, wane wata kika yi ritaya?"

"Ban riƙe ba."

"Ni na riƙe. Yana cikin mitar wuta! Shekara uku mata ɗari suna dahuwa, fanka tana gudu tun safe, saboda zannuwanki!"

"Ni na sa maƙeri ya yi ƙugiyar. Ko na gode ba su ce ba."

"Ɓarauniyar iska!"

"Ɓarauniyar da ta ceci aikinka. Ka rubuta na da shi ne ma'auni, na yanzu kuma rashina ne."

Ya tuntsire da dariya. "Na sallama, amarya. Gobe zan kafa miki ƙarfen shanya, har da fenti."

Ta zare sandar ta miƙa masa, igiya ta sunkuyo.

"Ungo. Ka ce musu ƙarfe goma, kada su makara. Amma kafin ƙarfen shanyar ya zo, miƙe ka riƙe mini igiyar nan. Tsawonka ya yi amfani yau."